Kafintan gida: amsoshin wasiƙunku, da maganar jabun kaya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Wasiƙun wannan karon kusan duk na masu son taɓa aikin katako ne a gida, wasu don sha'awa, wasu don sun gaji da jiran mai gyara a kan aikin da bai taka kara ya karya ba. Na taƙaita tambayoyin, na cire sunaye.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, ina so in riƙa haɗa kanta da benci da ƙananan gyare-gyare a ranakun hutu. Na tara ɗan abin da ya samu. Na ga wani akwati mai kayan aiki sama da ɗari, har da injin huda a ciki. In saye shi in huta?

Amsa: Malam, kada ka saya. Buɗe akwatin ka ƙirga da kanka: rabin abin da ke ciki ƙananan kawunan sukundireba ne da 'yan ƙusoshi da aka lissafa ɗaya-ɗaya don adadin ya kai ɗari. Abubuwa biyar ko shida da hannunka zai riƙa kaiwa gare su kullum kuwa, su ne aka ƙera da ƙarfe mafi taushi.

Ka fara da kayan awo, domin katakon da aka yanka a karkace babu injin da zai miƙar da shi. Tef na mita 5 ya isa. Sai sikwaya, ma'aunin duba daidaiton kusurwa, kuma ka gwada ta tun kafin ka biya: jingina ta a gefen katako miƙaƙƙe ka ja layi, ka kifa ta ɗaya ɓangaren ka sake ja daga wuri ɗaya. In layukan biyu suka hau kan juna, ta yi. In suka buɗe baki, ajiye musu abinsu. Bayan nan zarton hannu mai haƙora 7 ko 8 a kowane inci, guduma mai kunnen cire ƙusa mai nauyin giram 450, cizal, ƙarfen sassaƙa katako, guda uku masu faɗin milimita 6 da 12 da 25, da dutsen wasi. Cizal daƙiƙi ya fi mai kaifi yanka mutum, saboda sai an danna shi da ƙarfi, in ya zame kuma ba ya tsayawa. Ana wasa bakinsa a kwance kamar digiri 25, a ƙarasa ɗan gefen bakin a digiri 30, bayansa kuma ya zauna sumul a shimfiɗe.

Abin da masu farawa suka fi mantawa shi ne kilam, ƙarfen nan da ake matse katako da shi. Sayi huɗu. Shi ne ke riƙe maka aiki hannunka na hagu ya yi nesa da bakin zarto, shi ne kuma ke sa gam ya kama. Inji ɗaya tak nake ba ka shawara a yanzu, injin huda. Sauran su jira ranar da wani aiki ya tilasta maka.

Teburin aikin kuwa kai za ka haɗa shi, shi ne ma darasinka na farko. Tsayinsa ya zo daidai wuyan hannunka in ka miƙe tsaye ka saki hannu, ga yawancin mutane tsakanin santimita 85 zuwa 90 ke nan. Samansa filawud mai kaurin milimita 18 ninki biyu a manne, tsawo santimita 150, faɗi 60. Ka gicciya masa katako a baya daga kusurwa zuwa kusurwa don kada ya riƙa rawa. Ajiye shi inda haske ke shigowa ta gefe, iska kuma tana wucewa, nesa da ɗakin kwana.

Tambaya: Ina da ƙaramar giranda ta yankan ƙarfe. Wani ya ce in ɗaura mata faifan zarto mai haƙora in cire murfin, sai ta zama injin yankan katako, ba sai na sayi wani ba. Wane girman faifai ya fi dacewa?

Amsa: Babu girman da ya dace, kuma wanda ya ba ka wannan shawara ba shi zai yi jinyar ba. Samari, ka daina tunanin ma gaba ɗaya. Giranda mai faifan milimita 115 tana juyi kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Injin zarto na hannu da aka yi don katako yana juyi ne wajen sau 5,000, yana da faranti da ke kwanciya a kan katakon, yana da murfi da ke rufe haƙora da kansa da zarar an ɗaga shi. Giranda ba ta da ko ɗaya, a iska kake riƙe da ita. Haƙori ɗaya ya sarƙe a kulli ko tsohuwar ƙusa, injin zai yi tsalle ya dawo kanka kafin ka ƙifta ido, kuma hannu da cinya da fuska su ne a hanyarsa. Da yawa daga cikinsu makunninsu maƙalewa yake yi, ko ta faɗi ƙasa tana ci gaba da gudu. In kuɗin injin zarto bai samu ba, zarton hannu na nan. In ya samu, ka saita faifan ya leƙo ƙasan katako da milimita 5 ko ƙasa da haka, ka tallafe katakon yadda guntun da za a cire zai faɗi da kansa ba tare da ya matse faifan ba, kai kuma ka tsaya a gefe, kada ka daidaita jikinka da layin yanka.

Tunda an taɓo giranda, bari in amayar da abin da ke cina, domin wasiƙu uku a wannan karon duk a kansa suka tsaya ko da masu su ba su lura ba. Maganar jabu ce. Mutum zai tsaya ya yi ciniki mai zafi a kan guduma, abin da ko jabu ne iyakarsa ya lanƙwashe, amma ya miƙa hannu ya karɓi faifan yanka mafi araha a tebur ba tare da ya juya bayansa ya duba ba. An juya lissafin ke nan.

Faifan yankan ƙarfe ba ƙarfe ba ne. Tsakuwar gurza ce aka cuɗa da wani irin danƙo aka gasa, aka sa ragar zaren gilashi a ciki ta riƙe shi. Bakinsa an yarda ya yi gudun mita 80 a daƙiƙa, wato kilomita 288 a awa. In ya fashe, da wannan gudun ɓarɓashinsa ke tashi. Mai yin jabu a danƙon da ragar yake rage kuɗi, su kuma ido ba ya ganinsu. Don haka ka karanta abin da ke jiki. Na gaskiya yana ɗauke da iyakar juyinsa: mai milimita 115 ba ya wuce 13,300 a minti, mai 125 wajen 12,250, babba mai 230 wajen 6,650. Lambar faifan dole ta kai ko ta fi ta injinka. Shi ya sa ɗabi'ar nan ta ɗaura ragowar babban faifai da ya cinye a kan ƙaramar giranda ganganci ce tsagwaronta: abin da aka yi don dubu shida da ɗoriya ka sa shi a dubu goma sha ɗaya. Nemi alamar EN 12413 a takardar, ka duba zoben ƙarfen tsakiya, a nan ake buga wata da shekarar da wa'adinsa zai ƙare. Danƙon yana tsufa, shekara uku aka ba shi daga ranar ƙira, laima kuma tana gaggauta lalacewarsa. Na san masu jabu su ma suna buga waɗannan alamomi. To sai ka ƙara da ido da hannu: kwantar da shi a kan gilashi ka ga ko ya gantsare, murza gefensa da farce ka ga ko yana marmashewa, girgiza zoben ka ji ko yana motsi. In ka ɗaura sabo, kunna injin ya yi gudu shi kaɗai na minti ɗaya, ka kawar da shi daga fuskarka da ta kowa. Siririn faifai na milimita ɗaya na yanka ne kawai, ba a gurza da gefensa. Na gurza daban yake, kaurinsa wajen milimita 6. Murfin kariya kuma ba ado ba ne, ba a cire shi.

Sai batir. Wani ya rubuto yana murna ya samu injin huda mai "88V" a kuɗin da bai kai na mai 18 ba, wani kuma yana tambaya ko mai 20 ya fi mai 18 ƙarfi. Lissafin ba shi da wuya. A cikin batirin akwai ƙananan ƙwayoyi, kowace tana ba da volt 3.6. Guda biyar a jere su ne 18. In an cika su da caji suna nuna wajen 20 na ɗan lokaci, daga nan sunan ya fito. Kamfanin DeWalt ma abin da yake sayarwa a Amurka da sunan 20V MAX shi ne yake sayarwa a Turai da sunan 18V XR. Saboda haka 18 da 20 duk kanwar ja ce. Amma 88 sai an jera ƙwaya 24, ta ina za su shiga batirin da bai fi tafin hannu ba? Wanda ya yi maka ƙarya a rubutun da ke waje, me kake tsammani ya zuba a ciki?

Haka adadin cajin da aka ce yana ɗauka. Ƙwayar da aka fi sakawa ana ce mata 18650, kaurinta milimita 18, tsawonta 65, nauyinta kamar giram 45. Masu kyawunta wajen 3,500 mAh suke ɗauka, mAh kuwa ma'aunin caji ne, dubunsa shi ne Ah ɗaya, waɗanda ake sakawa a kayan aiki ma galibi tsakanin 1,500 ne zuwa 3,000. Batirin 5.0Ah mai irin wannan ƙwaya guda goma yake ɗauka, giram 450 ke nan tun ba a haɗa da kwanso ba, gaba ɗaya ya kan haura giram 600. Ɗora shi a sikeli. In an rubuta 6.0Ah amma nauyinsa bai kai giram 400 ba, ƙarya ce a rubuce. Da a ce iyakar cutar saurin ƙarewar caji ce, da na yi shiru. Abin tsoron shi ne ɗan allon da ke cikin batirin asali, mai lura da zafi da hana caji wuce kima, a jabu ko dai babu shi ko kuma na jeka-na-yi-ka ne. Wutar irin wannan batir ba ta da saurin kashewa, hayaƙinta kuma guba ne. Kada a bar shi a caji a kwanta barci, kada a ɗora shi a kan katifa ko kusa da garin katako, kada a yi cajinsa a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita. Wanda ya kumbura, ko yake zafin da hannu ba ya jurewa, ya gama aiki.

Wayar jan wuta ita ma ta shiga sahu. Akwai wadda ake yi da alminiyam a shafa mata jan ƙarfe a sama. Kankare silin ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki ka gane ta. Alminiyam kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, sai wayar ta yi zafi, injin kuma ya rasa ƙarfi ya riƙa gurnani har ya ƙone. Ga ƙananan injuna a kusa, waya mai kaurin 1.5 mm² ta isa. In tazarar ta yi nisa ko injin babba ne, 2.5 za ka nema. A warware ta duka kafin a kunna, domin naɗaɗɗiyar waya tara zafi take yi. In da hali, a sa na'urar nan mai katse wuta da zarar ta fara zurarewa, mai lamba 30 mA, a layin ɗakin aikin.

Har tabarau da takunkumi ba su tsira ba. Tabaran kariya na ƙwarai yana da alamar EN 166 ko Z87 a jikinsa, na jabu kuwa in abu ya buge shi tarwatsewa yake yi, ya zama shi ne abin da zai shiga idon. Takunkumin ƙura ka nemi FFP2 ko N95, ƙyalle ba ya tare garin da ya fi illa, wanda ido ba ya gani. Hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta hanci. Wannan bai isa a tsaya a duba ba?

Ba cewa nake yi sai mai kuɗi zai yi kafinta ba. Tsuke aljihu a kan guduma, a kan kilam, a kan magagari, ka sayi tsohon cizal ka wasa shi ya dawo sabo. Amma duk abin da ke juyawa da gudu, duk abin da ke riƙe wuta, duk abin da ke tsakanin jikinka da rauni, a nan ake biyan kuɗin gaskiya, a wurin mai sayarwar da zai ba ka rasit ya kuma karɓi kayansa in sun ƙi. In farashi ya faɗo zuwa sulusin abin da ka sani, ba sa'a ka yi ba. Tsohon inji na asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, in dai ka gwada shi: kunna ka leƙa ta ramukan iska, ɗan tartsatsi kaɗan ba komai, amma wuta mai zagaye ko warin ƙuna alamar ciki ya taɓu ne. Ɗaura masa dogon tsinken huda ka ga ko bakin yana lilo.

Tambaya: Kantar da aka kafa mini a bango ta faɗo da tsakar dare da littattafan yara a kai. Allah ya kiyaye babu kowa a ƙarƙashi, amma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Ina so in mayar da ita da kaina, sai dai ina tsoron in huda waya ko ta sake faɗowa.

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara kiyayewa. Tsoron nan naki a wurinsa yake, kuma aikin bai fi ƙarfinki ba. Ki duba ramukan da suka bari. Galibi abu uku ne: ko fishar, wato robar nan da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama, gajera ce ta tsaya a filasta ba ta kai bulo ba, ko ramin ya fi ta faɗi, ko kuma ba fisha aka sa ba sam, tsinken katako aka cusa aka buga ƙusa. Filasta kan kai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ba ta riƙe nauyi.

Kada ki koma tsofaffin ramukan, matsa da santimita 5 ko fiye. Ga kantar littattafai ki nemi fisha mai lamba 8, tsinken hudar bango shi ma 8 cif, da sukuru mai kaurin milimita 5, tsawon 60 zuwa 70. Naɗa ɗan salatif a jikin tsinken daidai tsawon fishar da ƙarin santimita ɗaya, in ya taɓa bango ki tsaya. Ki fitar da garin da ke cikin ramin, domin shi ne ke hana fisha kamawa, amma ki kare idonki. Fishar ta shiga da ɗan bugun guduma. In ta zurma da yatsa kawai, ramin ya yi faɗi. In kika ji tsinken ya faɗa fanko bayan ɗan huda, bulon mai rami ne, sai ki nemi irin fishar da ke dunƙulewa ta bayan bango in an ɗaure ta, ko ki matsa zuwa inda bulon yake a cike. Sukurun sama na kowane ƙarfen tallafi shi ke shan wahalar ja, shi za ki fi tabbatarwa.

Batun waya: a ƙa'ida ana binne ta ne a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe daga soket da makunni. Kada ki huda a kan waɗannan layuka, haka saitin famfo. Ba kowane mai aikin wuta ke bin ƙa'ida ba, don haka ki kashe wutar ɗakin daga babban makunni ki yi aiki da injin batir, kuma in akwai na'urar gano waya a bango a kusa, ki ara.

Tazarar ƙarfen tallafi kada ta wuce santimita 60 in allon na garin katako ne, filawud na milimita 18 zai iya kaiwa 80. Dalili kuwa, in aka ninka tazara sau biyu, jimillar nauyin da ke kai kuma bai canza ba, lotsawar ba sau biyu take ƙaruwa ba, sau takwas ne. In kin gama, ki kama kantar da hannu biyu ki ja ƙasa da ƙarfi kafin ki ɗora komai. Tunda kuma akwai yara, ki yi amfani da wannan dama ki ɗaure duk wata doguwar durowa ko kabad da bango ta sama. Yaro kan jawo aljihunan durowa ya taka su kamar tsani, ta kifo masa.

Tambaya: Na haɗa tebur, wata biyu kacal samansa ya tsage ya kuma gantsare. Gam ɗin ne ba shi da kyau?

Amsa: Gam bai yi laifi ba ɗan'uwa, ɗanyen katako aka sayar maka. Katako yana tsukewa in ya bushe, a faɗinsa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Na kayan ɗaki ana son ruwan jikinsa ya sauko tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. In ba ka da na'urar aunawa, yanki guntu ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako, ranar da nauyin ya daina raguwa ya bushe daidai da wurin. A jera falankai a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa, a sa 'yan sanduna masu kaurin santimita 2 tsakaninsu duk bayan rabin mita, kowace a saitin ta ƙasanta, a ɗora nauyi a sama. A shafa fenti a bakin kowane falanki don kada ya riga tsakiya bushewa ya tsage. Rana kai tsaye ɓata shi take yi.

Kuskure na biyu, ina zargin ka ɗaure saman da ƙafafun ƙam ta ko'ina. Ko busasshen katako yana numfashi tsakanin lokacin laima da na rani. Ramukan sukurun da ke gefe-gefe a ɗan tsawaita su ta fuskar faɗin allon, saman ya samu wurin motsi. Kuma abin da ka shafa a sama ka shafa a ƙasa, in ba haka ba fuska ɗaya za ta riƙa shan laima fiye da ɗaya.

Tambaya: Zan iya yin kabad na ƙarƙashin wurin wanke-wanke da MDF? Ya fi araha, ya fi santsi.

Amsa: A'a. Garin katako ne aka matse da gam, ruwa ya taɓa gefensa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. Sukuru ma ba ya kama shi da kyau ta gefe. Sayi filawud mai jure ruwa, ka duba gefensa kada a ga ramuka tsakanin fallayen, ka shafe duk bakin da ka yanka, ka ɗaga kabad ɗin a kan ƙafafu.

Tambaya: In na zuba gam da yawa ai ba sai na matse ba ko?

Amsa: Wa ya gaya maka? Farin gam na katako ba ya cike giɓi. Fuskokin biyu su haɗu ba tare da haske na ratsawa ba, a shafa siriri, a matse har 'yan ɗigo su fito a layin, a bar shi a matse aƙalla awa ɗaya, kada a ɗora masa nauyi sai bayan awa 24. In wurin da laima, nemi mai alamar D3, na waje kuma D4. Bakin katako inda aka yanke shi tsotse gam yake yi, ba ya riƙo shi kaɗai, sai an haɗa da turaku ko sukuru.

Tambaya: Ina ganin gari mai laushi a ƙarƙashin gadona da ƙananan huda a jikin katakon. Gara ce?

Amsa: Gara hanyar ƙasa take ginawa a jikin abu, ta cinye ciki ta bar ɓawo. Naka ƙwaron katako ne, tsutsarsa ke ci a ciki, hudar kuma ƙofar fitarsa ce. Ya fi son farin ɓangaren nan na bayan itace. Share garin, shimfiɗa takarda, ka duba bayan mako. In sabo ya zubo yana nan da rai. Soka sukundireba a wurin: inda ya nutse a cire katakon a sa wani, inda yake da ƙwari a kankare fentin a shafa maganin ƙwaron katako mai sinadarin boron, bisa awon da ke jikin gwangwanin, a waje, a bari ya bushe sarai kafin ya koma ɗaki. Kada ka shafa baƙin mai ko maganin feshin gona a gadon da za ka kwanta a kai.

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 ya ƙwallafa rai a kan aikin katako. Ina so in ƙarfafa masa gwiwa, amma gabana na faɗuwa in na tuna zarto.

Amsa: Alhaji, Allah ya raya shi, ya sa albarka. Kada ka kashe masa wannan sha'awa, kai dai ka tsaya a kansa. Shekarunsa sun isa tef da sikwaya da sanfefa da ƙaramar guduma da ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora. Injin wuta ya jira tukuna. Dokar da za ka kafa masa tun ranar farko: ba a yanka abin da ba a matse da kilam ba, kuma hannu biyu suna bayan bakin cizal koyaushe, ba a turo shi ta wajen jiki. Ka saya masa tabarau daidai fuskarsa, kai ma ka riƙa saka naka a gabansa. Ya sa takalmi rufaffe, ya naɗe hannun riga. In lokacin injin huda ya zo, ba a sa safar hannu kusa da abin da ke juyawa, kama ta yake yi ya ja yatsun.

Ka ba shi katako mai taushi, aikin farko kuma ƙaramin akwati ko maratayi, abin da zai gama a zama biyu ya ga amfaninsa. Nuna masa yadda ake huda siririn rami kafin a ɗaura sukuru don kada katako ya tsage, da yadda ake auna akwati daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, in awon ya zo ɗaya ya miƙe. Sanfefa ya bi ta daki-daki, mai lamba 80 sannan 120 sannan 180, yana bin tsawon zanen katakon. In za ku shafa mai irin na linsid, kai za ka kula da tsumman. Wannan mai yana fitar da zafi yayin bushewa, tsumman da aka dunƙule aka jefa a lungu yana iya kama wuta shi kaɗai bayan awanni. A shanya shi a buɗe a waje har ya ƙandare, ko a nutsa shi a gwangwanin ruwa a rufe. Cizal da zarto da tina kuwa, a akwati mai kwaɗo, makullin a hannunka.